Madubi ya ce babu, na'ura ta ce akwai: wanne za mu bi a kan tarin ƙanena?

Maman Sadik, Tudun Jukun: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu ku haska min. Ƙanena tela ne a Sabon Gari, shekararsa 31. Shekara uku da suka wuce ya yi tarin fuka, ya sha magani wata shida cif, aka sallame shi. To tarin ya dawo, yau mako biyar ke nan. Da dare sai ya jiƙe sharkaf da gumi, wandon da ya ɗinka wa kansa da salla ma yanzu sai ya zuge mazagi har ƙarshe. Mun kai kakinsa wani ɗakin gwaji na kuɗi, aka duba a madubin da ake ganin ƙwayoyin cuta da shi har sau biyu, aka ce babu komai. Muka je asibitin gwamnati aka sa a na'urar GeneXpert, takarda ta fito da kalmar "trace", ma'aikacin ya ce ma'anarta an ga ɓurɓushin cutar. Amma ba su ba shi magani ba, sun ce ya kawo wani kakin na asuba, a kuma ɗauki hoton ƙirji. Yanzu gidanmu ya rabu biyu. Kawu ya ce shaida biyu ta fi ɗaya, sanyi ne kawai, a saya masa magani a kemis. Ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya. In na'urar ta gani, me ya hana a ba shi magani? In kuma ba ta tabbatar ba, mene ne amfaninta?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Ɗan Kwarbai: Amin. Ina Mai Gwaji? Wannan taka ce.

Mai Gwaji: Ga ni. Maman Sadik sannu da jinya, Allah ya ƙara sauƙi. Ki gaya wa Kawu cikin ladabi cewa shaidun nan ba nauyinsu ɗaya ba. Gwajin madubi ido ne ke aiki. Muna shafa kaki a gilashi, mu rina shi, mu leƙa muna neman ƙwayoyin cutar, 'yan sirara jajaye. Kafin ido ya kama su sai sun kai kamar 5,000 zuwa 10,000 a cikin mililita ɗaya na kaki. Wanda nasa bai kai haka ba, ko sau biyar aka duba za a iya cewa babu, alhali cutar na cin ƙirjinsa. Tun zamanin Robert Koch, wanda ya gano ƙwayar a 1882, da wannan dabarar ake ta fama.

Ita na'urar ba ƙwayar take nema da ido ba. Muna zuba wa kakin wani ruwa ninki biyunsa, mu girgiza, mu bar shi minti 15 ya narke, mu ɗebi mililita biyu mu zuba a katirij, wato wani ɗan akwatin roba, mu rufe mu sa a na'ura. A ciki take fasa ƙwayar, ta ɗauko wani yanki na DNA ɗinta, wato tambarin halittarta, ta yi ta kwafarsa har ya yi yawan da za ta iya karantawa. Tsohon katirij, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a Disambar 2010, yana kama ƙwaya wajen 130 a mililita. Sabon, Ultra, da ya zo a 2017, ko ba su kai 20 ba yana jin su. Cikin ƙasa da awa biyu an gama, har ta faɗa maka ko cutar na jin rifampicin, babban maganin tarin fuka, ko ta bijire masa. Shi ya sa tun 2016 Nijeriya ta ce da ita za a fara gwada duk wanda ake zargi.

Maman Sadik, Tudun Jukun: Na gode Malam. To ai ka ƙara ƙarfafa maganata. Tunda ta fi gani, a ba shi maganin mana.

Mai Gwaji: A nan gizo ke saƙar. Na'urar ba ta bambance ƙwaya mai rai da gawarta. Ki ɗauki shagon ƙanin naki: an zo an karɓe ɗinkin salla tun tuni, amma in kika share ƙarƙashin keke sai ki tarar da ƙyallayen shaddar. Wanda ya taɓa shan magani ya warke, gawar ƙwayoyin kan zauna a huhunsa shekaru, tari ya riƙa fito da ɓurɓushinsu. Ultra kuwa saboda kaifinta har wannan take tsintowa. Sakamakonta hawa-hawa ne, daga mai yawa zuwa kaɗan ƙwarai, ɓurɓushi shi ne na can ƙasa, kuma a wannan matakin ba ta iya cewa komai a kan rifampicin. Da yaro ƙarami ne, ko mai cuta mai karya garkuwar jiki, ɓurɓushi ya isa a fara magani. Amma baligin da ya gama magani cikin shekara biyar da suka wuce, dole a sake dubawa. Waɗanda suka ce ya kawo kakin asuba sun bi ƙa'ida.

Dakta na Shika: Na goyi bayan Mai Gwaji, sai dai ina so in ja kunne a kan abu ɗaya kafin komai. Hajiya, ki hana a je kemis. Abin da za su ba shi bai wuce ciprofloxacin ko levofloxacin ba, kuma waɗannan suna taɓa ƙwayar tarin fuka. Tarin zai lafa mako biyu, kowa ya ce Kawu ya yi gaskiya, gwaji na gaba ya ƙara rikicewa, sannan ƙwayar ta koyi bijire wa maganin da muke ajiye wa masu tarin mai taurin kai. Gumin dare da ramar da kika faɗa ba na raina su. A yi hoton gobe, kar a kai jibi. A kuma duba masa sukari da garkuwar jiki.

Baban Ummi: Ku yi haƙuri, ni duk wannan yabon na'ura ba ya shiga kaina. Awa biyu a bakin wa? Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, an karɓi kakinta a ƙaramin asibitin ƙauyenmu aka ce za a aika gari. Na yi sintiri har na gaji. Yau a ce mai babur bai zo ba, gobe a ce na'ura ta tsaya, jibi a ce katirij ya ƙare. Kwana 13 kafin takarda ta fito, kuma ni na je na karɓo da ƙafata, ba wanda ya kira ni. Ta fara magani jikin ya riga ya tafi, ko wata ba ta cika ba. Da madubin nan da kuke rainawa ne, ai a nan take za a duba mata washegari a ba ta amsa. Ku masu farin kaya kuna auna na'ura a ɗaki mai sanyi, mu kuma muna auna ta a bakin gadon mara lafiya.

Hajiya Babba: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya gafarta wa Inna, ya sa Aljanna ce makoma.

Mai Gwaji: Allah ya jiƙanta da rahama. Yaya, ba zan musa maka ko kalma ɗaya ba, don na san yadda abin yake daga ciki. GeneXpert ba ta son ɗaki ya wuce digiri 30, katirij kuma ana ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 28. Ka tuna yadda Zariya take a Maris da Afrilu. In babu na'urar sanyaya ɗaki, da rana tsaka sai ta fara ƙin aiki. In aka ɗauke wuta tana tsakiyar gwaji kuma batirin inbata ya mutu, wannan katirij ɗin ya tafi, wani lokacin har da kakin, sai an sake kiran mara lafiya. Da hunturu ƙura ke toshe matatar iskarta, ni da kaina nake cirewa in wanke. Mai gurbi huɗu ce a wurinmu, akwai lokacin da biyu suka mutu muka yi watanni muna lallaɓawa da biyu, robobin kaki suna taruwa a firij ina kallo, kowace roba mutum ne ke jira a gida. Abin yana ci min rai ƙwarai. Sai dai ka sani, da madubi aka duba Inna, mai yiwuwa a ce mata babu, ta koma gida da maganin tari na kwalba.

Baban Ummi: Mai yiwuwa. Amma da an ce babu da na ɗauke ta zuwa cibiyar tarin fuka ta Saye tun a makon farko, ban zauna jiran takarda ba.

Ɗalibar Samaru: Salam. Ina karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, kuma a kan wannan batun nake rubutu, don haka ku ba ni dama in ɗan tsawaita. In za a auna kowane gwaji, tambaya biyu ake fara yi: cikin masu cutar nawa yake kamawa, cikin marasa ita kuma nawa yake wankewa. Ma'aunin da ake gwada shi da shi shi ne shuka, wato a sa kaki a abincin ƙwayar a jira ta tsiro, abin da kan ɗauki har mako shida a ruwa, ko takwas a daskararre. An yi babban bincike a ƙasashe takwas, aka wallafa a 2018, aka haɗa tsohon katirij ɗin GeneXpert, wato Xpert, da Ultra a kan mutane ɗaya. Cikin masu cutar 100, tsohon ya kama 83, Ultra ta kama 88. Cikin waɗanda madubi ya ce babu alhali akwai, tsohon ya kama 46, Ultra 63. Amma wajen wanke marasa cutar tsohon ya fi, 98 cikin 100, ita kuma 96.

Mu ɗauka masu tari 1,000 suka zo asibiti, 100 ne ke da cutar da gaske. Ultra za ta kama 88 ta saki 12, sannan cikin 900 masu lafiya ta ɗora wa 36 abin da ba su da shi. Tsohon zai saki 17, ya ɗora wa 18. Kun ga an samu ƙarin mutum biyar, an kuma ƙara mutum 18 da za a iya sa su shan magani wata shida a banza in likita bai lura ba. Yawancin wannan kuskuren a kan ɓurɓushi yake faɗowa, musamman ga irin ƙanin Anti da suka taɓa yin cutar.

Maganar Baban Ummi kuma bincike ya tabbatar da ita. A Afirka ta Kudu an kwatanta wuraren da suka koma Xpert da waɗanda suka ci gaba da madubi, sakamakon ya fito a 2015, aka ga yawan mace-mace cikin wata shida bai bambanta ba. Na'urar ta fi gani, amma mutane da yawa ba su dawo karɓar sakamako ba, wasu ba a san suna da cuta mai karya garkuwa ba. Tun da na karanta wannan na canza tsarin aikina. Yanzu abin da nake ƙirgawa a rajistar asibitoci shi ne kwana nawa daga ranar tofa kaki zuwa ranar haɗiye maganin farko, da mutum nawa suka ɓace a tsakani.

Baban Ummi: Allah ya yi miki albarka ƙanwata. Wannan lissafin nake so a riƙa kai wa manya.

Ɗan Kwarbai: Tsaya, Ɗaliba. Kenan cikin waɗanda madubi bai gani ba, Ultra ma tana sakin 37 cikin 100? To wanda na'ura ta ce ba shi da shi fa?

Dakta na Shika: Ka kama bakin zaren. "Ba a gani ba" aka rubuta, ba a rubuta "babu" ba. Na sha ganin wanda ya riƙe takardar nan kamar laya wata uku yana ramewa. In alamomi suna nan, a sake gwaji, a ɗauki hoto, likita ya yanke hukunci da abin da ya gani gaba ɗaya. Tarin fuka na ƙashin baya ko na kaluluwar wuya ma ba a kaki za a same shi ba, sai an ɗebo daga wurin.

Malama Nas, ɓangaren Giwa: Ni dai daga ƙauye nake magana. Wuta in ta zo mana sau biyu a mako mun gode Allah. Kullum ina cewa irin wurinmu Truenat ta dace da shi. 'Yar Indiya ce, kamfanin Molbio ke yin ta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2020, kuma an fara kawo ta Nijeriya. Da batir take aiki, tana jure zafi har digiri 40, a akwati ake ɗaukarta. Na ga an yi aiki da ita a wani gangami, tebur ɗaya a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, mutum ya tofa kaki da hantsi, kafin azahar ya san matsayinsa. Matar da sai ta nemi izini da kuɗin mota kafin ta fito, in ka ce ta dawo mako mai zuwa ka rasa ta ke nan.

Mai Gwaji: Anti Nas, ina son Truenat, amma a faɗi nauyinta. GeneXpert ka rufe katirij ka tafi. Ita kuwa sai ka tace DNA a wata na'ura daban, ka ɗebo ɗigo da hannunka ka ɗora a kan ɗan faifanta, in ya nuna akwai cutar ka sake sa wani faifan don rifampicin, wajen ƙarin awa guda. Duk inda hannu ya yi yawa, kuskure na samun ƙofa, balle wurin da ma'aikaci ɗaya ne ke gwajin maleriya da na ciki da na jini. TB-LAMP ta Japan ma tana nan, tana da sauri, amma ba ta cewa komai a kan bijirewa.

Malama Nas, ɓangaren Giwa: To a koya mana mana! Wa aka haifa da iyawa? Gwajin da ya ɗan fi wahala amma yana ƙofar gida ya fi min wanda sai kaki ya kwana uku a akwatin mai babur, ƙanƙara ta narke tun a hanya.

Ɗalibar Samaru: Akwai batun kuɗi ma. Mara lafiya kyauta ake masa, amma ana sayen katirij. Daga 2012 dala 9.98 ne kowane ɗaya, sai a Satumbar 2023 aka sauke zuwa 7.97, bayan ƙungiyoyi irin su MSF ta likitocin agaji sun daɗe suna neman a mayar dala biyar. Yawancin kuɗin daga masu tallafi na waje yake zuwa. Samun kamfani fiye da ɗaya a kasuwa alheri ne gare mu.

Alhaji Baba, Ƙofar Doka: 'Ya'yana ina ta karatu ina jinjina kai. Ni na yi wannan ciwo shekaru da dama da suka wuce. Sau uku ana karɓar kakina, wata takwas ina shan magani, maƙwabta suka daina shan ruwa a kofin gidana. Da maganin ya ƙi wani abokina, ba wanda ya san dalili sai da aka yi wata da watanni, aka koma yi masa allura kullum har kunnensa ya toshe. Yau a ce cikin yini ɗaya za a san ko magani zai yi aiki, wallahi ni'ima ce, kar ku raina. Maman Sadik, ki ce wa Kawunku ni tsoho ɗan'uwansa na roƙe shi ya bar yaron nan ya bi maganar asibiti.

Dakta na Shika: Allah ya ƙara girma, Baba. Allurar nan ma an daina ba waɗanda ciwon ya dawo musu. Mai tarin da ya bijire wa rifampicin yanzu akwai haɗin ƙwayoyin magani na wata shida da aka amince da shi a 2022, babu allura. Sai dai ita ma na'urar tana da iyaka a nan: wani ɗan yanki na DNA take dubawa, kuma a Eswatini an samu irin da ya bijire ta wani wuri daban, tana cewa lafiya lau. Sanin ko ta bijire wa isoniazid, wani maganin tarin, kuma sai da wani katirij ɗin dabam. Saboda haka duk wanda cutar ta dawo masa, ina so kakinsa ya kai babban ɗakin gwaji na ƙasa da ke cibiyar tarin fuka da kuturta a Saye, a yi shuka. Mu Zazzagawa abin yana bayan gidanmu, wasu daga jihohi masu nisa suke aikowa.

Maman Sadik, Tudun Jukun: Na karanta wa Kawu saƙon Baba, ya yi shiru, ya ce a je. Malam Mai Gwaji, yaya ake kakin asubar? Na farkon kamar yawu ne ya fi yawa.

Mai Gwaji: Wannan ma na iya zama dalilin ɓurɓushin. Yana tashi, kafin ya ci komai, ya kurkure baki da ruwa zalla. In yana cin goro ya kurkure sosai, guntun goro da na abinci suna hana gwaji tafiya. Ya fita tsakar gida inda iska ke kaɗawa, nesa da yara, ya ja numfashi mai zurfi sau uku, sannan ya yi tari daga can ƙirji. Mai kauri muke so, kamar cikin ƙaramin cokali. Ya rufe robar gam, a sa a leda, kar a bar ta a rana, a kawo da safen nan.

Maman Sadik, Tudun Jukun: Jama'a na dawo. Jiya aka kai kakin ƙarfe takwas, ni na tsaya a wurin kamar yadda labarin Baban Ummi ya koya min, ban tafi ba sai da takarda ta fito bayan azahar. Wannan karon ya hau zuwa "kaɗan", kuma an ce cutar na jin rifampicin. Hoton ma ya nuna sabon tabo a saman huhun dama, likita ya haɗa da tsohon hotonsa da na adana. Ya fara magani yau da safe, an kuma ɗauki wani kakin za a aika Saye. Na gode muku, Allah ya saka da alheri.

Baban Ummi: Alhamdulillahi. Ki karɓi lambar wanda zai aika kakin, ki riƙa kira.

Dakta na Shika: Madalla. Fitsarinsa zai yi ja, maganin ne, kar ku tsorata. In idonsa ya yi rawaya ko amai ya dame shi, ku koma a ranar. Bibiyar wata na biyu da na biyar da na shida da madubi za a yi, don na'ura za ta ci gaba da ganin gawar ƙwayoyin ko ya warke. Su wa ke kwana ɗaki ɗaya da shi?

Maman Sadik, Tudun Jukun: Matarsa da yara biyu, mai shekara huɗu da mai wata goma. Akwai kuma yaran shago uku, shagon ko taga babu. Ƙananan ai ba su iya kaki ba, Dakta.

Malama Nas, ɓangaren Giwa: Ba sai sun iya ba, yanzu ana sa bayan gidan yaro a na'urar. Ki tambayi jami'in da ya ba shi magani, zai ba ki roba. In an duba ba su da ciwon, akwai maganin kariya da ake ba su, shi ma kyauta. Yaran shagon kuma ki sa ya kira iyayensu da kansa, kar su ji a bakin wani.

Maman Sadik, Tudun Jukun: To. Litinin in Allah ya kai mu zan kwashi matar da yaran mu tafi tun da sassafe. Na shagon zan fara biyawa ta Sabon Gari yau da la'asar in ga mai ginin, ko zai yarda a fasa taga.